Zuwa ga Uwata, a Ɗakin Takaba

 Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya yi masa rahama, ya sa can ta fiye masa nan. Ya raya abin da ya bari, ya ba ki ikon riƙe su.

Na yi miki wannan gaisuwa a gadon asibiti, na sake yi a gida, duk ba ki amsa ba sai da hawaye da gyaɗa kai, don a lokacin bakinki a ɗaure yake da waya. Yanzu an kwance wayar, amma yayanki ya ce magana har yau da ƙyar take fita, kuma baƙi sun gajiyar da ke. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ki karanta sa'ad da kika ga dama, in kin gaji ki ajiye, ba na jiran amsa yau.

Bari in fara ba ki labarin abin da ba ki gani ba. Ranar da aka kai shi, sahu ya cika ƙofar gida ya malala kan titi. Masu rububin ɗaukar makara yawancinsu yaran da ya koya wa baƙi da wasali ne a firamare, wasu har sun tara gemu. Wata tsohuwa da ba wanda ya san ta a danginmu ta zauna a tsakar gida tana kuka, sai daga baya muka ji cewa shi ne yake biyan kuɗin jarrabawar jikanta, ko ke bai gaya wa ba. Ni abin da na sani game da shi kaɗan ne, amma ya ishe ni shaida. In ya zo gaishe ni, a bakin ƙofa yake durƙusawa, duk nacin da zan yi ba ya hawa kujera. Tire ɗaya yake ci da 'ya'yansa. Ban taɓa ganin kin zo gida da yaji ba. Wanda ya bar irin wannan baya, ana kyautata masa zato wurin Ubangiji.

An gaya mini kina cewa da ba ki matsa a je sunan nan ba, da yana nan. Uwata, hanyar nan da kuka yi hatsari a kanta, ya bi ta ba adadi, da ke da ba ke. Ranarsa ce ta zo, ta kuma same shi a kan hanyar zumunci, yana kai iyalinsa wurin 'yan'uwa. In akwai mai laifi a hatsarin, wannan tsakaninsa da hukuma ne da Mahaliccinsa. Ke a kujerar gefe kike zaune. Na san kuma abin da ya fi ci miki rai: an fitar da shi ba a kira ki kin tsaya a kansa kin yafe masa ba, kamar yadda ake kiran kowace mata, don a lokacin ba ki ma san inda kanki yake ba. Ki yafe masa yanzu daga inda kike zaune, ki roƙa masa gafara, yana isa gare shi. Kuka kuwa ba zan hana ki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furta abin da Allah ba ya so.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Likitoci sun ce ƙashin muƙamuƙinki ya haɗe a karkace, sai an sake shiga an gyara. Ke kuma kin ce wa za ki gyara wa fuska, tunda mai kallon ya tafi. Maganar ta sa ni kuka, amma ban yarda da ita ba.

Ba fuska za a gyara ba, tauna za a gyara, da magana, da barcin da ciwon gaban kunne yake hana ki. Shekarunki ba su kai 35 ba. In Allah ya ja kwana, bakin nan zai yi shekaru masu yawa yana ci, yana karatu, yana tsawatar wa yara biyu da ba su da wani mai tsawatar musu sai ke. In ma fuskar ce, halittar Allah ce da hatsari ya gurɓata, mayar da ita yadda take ba ado ba ne. Na ji wasu tsofaffin gidan suna cewa mai takaba ba ta fita, ba ta taɓa jikinta da gyara. Abin da aka ɗora wa mai takaba a wata 4 da kwana 10 sananne ne: ta bar turare da kwalli da lalle da kayan ado, ta riƙa kwana a ɗakin mijinta. Fita neman magani lalura ce, malamai sun halatta ta, har kwanan asibiti in ya zama dole. Ki sa yayanki ya tambayi limamin unguwa a gaban surukarki, don hankalinta ya kwanta. Ita ma fa ɗa ta rasa, ki yi mata uzuri in ta faɗi wadda ba ta yi miki daɗi ba.

Akwai sahabi mai suna Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Shi kansa Annabi, a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, an karya masa haƙori, an fasa masa leɓe, zobba biyu na kwalkwali suka nutse a kuncinsa. Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa har nasa biyu suka fita. Nana Faɗima ta wanke raunin, Sayyadina Ali yana zuba ruwa, da jinin ya ƙi tsayawa ta ƙona guntun tabarma ta danna tokar. Ba wanda ya ce a bar rauni haka nan don a nuna tawakkali.

Yanzu bari in yi magana a matsayina na nas, ko da na yi ritaya.

Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne lanƙwasasshe, daga gaban wannan kunne zuwa gaban wancan. Kamar awarwaro yake, in ya sha bugu mai ƙarfi sau da yawa wuri biyu yake karyewa. Naki ya karye kusa da haɓa, ya kuma karye can baya wajen turamen haƙora. Naman da ke motsa baki yana da ƙarfi ƙwarai, kowane yana jan guntun da yake riƙe da shi zuwa nasa ɓangaren. Ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako 4 zuwa 6 yana warkar da mutane da yawa, amma wani lokaci ƙashin yakan goce ya haɗe a inda bai dace ba. Shi ya sa haƙoranki suke haɗuwa a gefe ɗaya kawai, haɓar ta karkata. In aka bar shi, haƙoran da ke ɗaukar nauyin su kaɗai za su cinye, gaɓar gaban kunne ta yi ta ciwo. Wanda ya ba da shawarar a kai ki wurin mai ɗori, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ina girmama masu ɗori, amma ƙashin da ya riga ya haɗe ba ya gyaruwa da matsa, kuma a baki kuskuren milimita 2 ma mai shi yana jin sa duk loma.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1849 wani likita a Amurka, Simon Hullihen, ya yanka muƙamuƙin wata budurwa da tabon ƙuna ya lanƙwasa tun tana yarinya, ya daidaita shi. A shekarun 1950 Hugo Obwegeser ya fito da hanyar tsaga ƙashin ta cikin baki ba tare da an yanka fuska ba, a shekarun 1970 kuma likitocin Faransa suka yaɗa ɗaure ƙashi da 'yan ƙananan faranti da sukurori. Asibitocin koyarwa namu, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna da likitocin tiyatar baki da fuska.

Kafin ranar za a ɗauki hoton ƙashin, a ɗauki samfurin haƙoranki a zuba shi da filasta, a gwada a kansa inda kowane haƙori ya kamata ya zauna. Za a auna jini, don wadda ta yi makonni tana shan ruwa-ruwa, ga baƙin ciki, jininta yakan yi ƙasa. Akwai tambayar da za su yi miki wadda kunya za ta so hana ki amsawa, ni goggonki zan riga su: in akwai ko shakkar juna biyu, ki faɗa kafin a ɗauki hoto. Wannan ya shafi maganin da za a ba ki, ya kuma shafi lissafin takabarki, tunda mai ciki sai ta haihu take fita. Ki faɗi duk abin da kike sha, har jiƙo da rubutu. Za a ce ki bar abinci kamar awa 6 kafin a shiga. Kada tausayi ya sa wani ya ba ki koko a ɓoye, don abin da ke ciki yana iya komawa huhu idan mutum yana cikin barcin allura.

Barcin gaba ɗaya ne, ba za ki ji komai ba, ba za ki tuna komai ba. Bututun numfashi ta hanci ake sa shi, saboda bakin ne wurin aiki. Yawanci ta cikin baki ake yanka, a jikin dasashi, sai dai wani lokaci likita yakan buƙaci ɗan yanka a ƙarƙashin muƙamuƙi inda inuwa ke ɓoye shi. Ki tambaye shi wanne zai yi. Zai sake raba ƙashin a inda ya haɗe ba daidai ba, ya haɗa haƙoranki yadda suke a da, sannan ya ɗaure ƙashin da faranti na ƙarfen taitaniyom, siriri, da sukurori ƙanana. Ƙarfen ba ya tsatsa, jiki ba ya ƙin sa, kuma galibi a nan yake zama har ƙarshen rai sai in ya kawo matsala. Aikin yakan ɗauki awa 2 zuwa 4. Ba zan ce miki babu hatsari ba, duk tiyata tana da shi: zubar jini, shigar ƙwayar cuta, taɓuwar jijiya. Amma rasa rai a irin wannan aiki ga mai ƙuruciya da lafiya abu ne mai wuyar gaske. Na san tun ranar hatsarin kowane farin gado mutuwa yake tuna miki. Wancan karon a sume aka kawo ki, jini yana zuba. Wannan karon da ƙafarki za ki shiga, a ranar da aka zaɓa, an tanadi komai.

Za ki farka da toshewar hanci da kaushin maƙogwaro, yawu yana zuba, da ɗan jini-jini a ciki. Tashin zuciya yakan zo saboda jinin da aka haɗiye. Albishir ɗaya: da farantin nan, sau da yawa ba a sake kulle baki da waya, sai 'yan robobi da ke nuna wa muƙamuƙi hanya. In likita ya ga dole sai an kulle, almakashin yanke waya ya kwana kusa da matashinki, mai jinyarki kuma ta san wace za ta yanke in amai ya taso.

Kumburi shi ne abin da ke firgita mutane. Ba ranar farko yake kai ƙarshe ba, sai kwana na 2 zuwa na 3, lokacin da fuska za ta cika har ki ƙi gane kanki, wani lokaci da shacin jini da ke gangarowa wuya yana sauya launi. Wannan ba alamar ɓaci ba ce. Ki kwanta kai a sama bisa matasai biyu ko uku, a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a kwanakin farko, ki tashi ki ɗan taka. Cikin mako 2 zuwa 3 yawancinsa zai sauka, ragowar kuma a hankali cikin watanni. Shawarata, ki bar madubi a makon farko in ba don wanke baki ba. Kuma kada tsofaffi su matsa a gasa miki fuska da ruwan zafi irin na jego tun ranar farko.

Zafin ciwo yawanci bai kai yadda ake tsoro ba, kuma dalilin shi ne abu na biyu da nake so ki sani. Akwai jijiya da ke bi ta cikin ƙashin, ita ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa. Ko an lallaɓa ta yakan ja ta, sai wurin ya mutu, ki taɓa ki ji kamar ba naki ba. Jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, da tsikari da ƙaiƙayi. Ga wasu, wani ɗan wuri ba ya dawowa har abada. Leɓen zai motsa, murmushi ba zai karkace saboda wannan ba, ji ne kawai ya ragu. Amma ki kula: kunu mai zafi zai ƙona ki ba ki sani ba, don haka ki fara gwada shi a bayan hannu.

Abinci ne inda nake jin tsoronki, don tun yanzu kin rame. Nana A'isha, idan aka yi rasuwa a danginta mata suka watse, takan sa a dafa talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a ci, saboda ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Ke kin haɗa biyun, ga ciwo ga rashi, to kunu ya zama wajibinki. Mako na farko da na biyu ruwa-ruwa ne: kunun gyaɗa da madara, fura da nono a dama sosai a tace, romon kaza ko na ƙashi, ayaba da gwanda a markaɗe. Kaɗan-kaɗan, sau 6 ko fiye a yini, da ƙaramin cokali ko sirinji. Koko zalla ba ya gina ƙashi, sai an haɗa da madara ko gyaɗa ko ƙwai. Daga nan sai mai laushi wanda harshe ke iya murƙushewa: faten dankali, alale, dafaffen ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka. Ba tauna har mako 6, ko sai likita ya ce. Tsire da kilishi da rake da aya da goro sai bayan watanni. Duk bayan ci ki kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi ko maganin da suka ba ki, ki goge haƙora da buroshin yara. Zaren ɗinkin ciki da kansa yake narkewa.

Abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi ya yi wuya, jini ya ƙi tsayawa, zazzaɓi mai zafi, kumburi ya dawo yana ƙaruwa bayan ya fara sauka, mugunya ko ɗoyi a baki, ko ki ji haƙoran sun sake gocewa. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Bayan ƙashi ya kama, baki zai yi tauri, sai an koya masa buɗewa. Mai lafiya yana shigar da yatsu uku a jere tsakanin haƙora. Ke za ki fara da ɗaya. A Sakkwato akwai asibitin yara masu ciwon noma, mai zaizaye baki da kunci, an buɗe shi a 1999. Wasu yaran suna zuwa muƙamuƙinsu ya shekara da shekaru a kulle, a yi musu tiyata, sannan su yi ta motsa shi kullum, ana cusa 'yan katakan nan na danne harshe ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya yi wasa da motsin, bakin yakan koma ya rufe. Naki bai kai nasu ba ko kusa, amma dokar ɗaya ce.

Akwai abin da likitoci ba su cika faɗa ba, mu masu kwana da marasa lafiya muka fi ganinsa. Wajen kwana na 3 zuwa ƙarshen makon farko, ko wanda bai rasa kowa ba yakan karaya. Ga kumburi, ga yunwa, ga rashin barci, sai mutum ya fashe da kuka yana cewa da ya sani bai yarda ba. A gare ki zai fi nauyi, don wanda za ki so ki buɗe ido ki gani a bakin gado ba ya nan. Na gaya miki tun yanzu don in ya zo ki gane shi, kada ki ɗauka imaninki ne ya yi rauni. Yana wucewa idan kumburi ya fara sauka, abinci ya fara shiga. In kuwa ya ƙi wucewa, ko hatsarin yana ta dawo miki a mafarki da ido biyu, ko kika ji zuciya tana raya miki gara ki bi shi, ki gaya mini ko likita a ranar. Wannan ma ciwo ne mai magani, ba abin kunya ba.

Salla ba za ta gagare ki ba. In sunkuyawa tana sa fuska bugawa, ki yi a zaune da nuni. Karatu motsa harshe ya wadatar, ko haƙora suna haɗe. Kurkurar baki a alwala sunna ce a mazhabarmu, ki yi a hankali ko ki bari. In azumi ya riske ki cikin jinya, ki sha ki rama.

Yaran kuma kada a yi musu ƙarya. An ce musu Baba ya yi tafiya, sun ga an kai ki asibiti kin dawo ba kya magana, yanzu za a sake kai ki. Babbar ta isa ta haɗa lissafi, kuma abin da za ta haɗa ya fi gaskiyar muni. Ki zaunar da su kafin ranar, ki ce Baba ya rasu, yana wurin Allah, ana yi masa addu'a. Ki ce Umma za ta je a gyara mata ƙashin baki, za ta kwana kaɗan, za ta dawo fuskarta a kumbure, kumburin zai sauka. In bakin bai iya ba, ni zan faɗa kina riƙe da hannunsu.

Maganar kuɗin faranti da na aiki kada ta dame ki, iyayenki maza sun zauna a kai, abokan aikin Malam ma sun kawo nasu. Ki sa yayanki ya koma wurin likita a makon nan ya karɓi rana, ya kira ni. Ni zan yi jinyarki, zan zo da injin markaɗe da gyaɗar kunu, ke dai ki haɗa hotunan ƙashin farko da katin asibiti wuri ɗaya.

Allah ya gafarta wa Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba ki lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a. Ki gaida surukarki, ki ce ina ƙara yi mata haƙuri.

Goggonki.